Gero a Cikin Kwamfutar Kawu

Duk Bacirawa, daga bakin tasha har layin masu faci, babu wanda ya kai Tasi'u iya liƙa wa waya gilashin kariya. Wannan kam ko maƙiyinsa ba ya musu. Zai goge fuskar wayar da ɗan ƙyalle, ya hura mata iska sau biyu, ya ɗora gilashi ya danna da babban yatsa, ka ɗaga ka duba ba za ka ga ko ɗigon iska a ƙarƙashi ba. Sana'a ce mai kyau, ta rufa masa asiri. Amma shi gogan naka kunyarta yake ji. Duk ranar da zai je ƙauyensu, Kukar Tsakiya, can bayan Bici, sai ya rataya jakar kwamfuta wadda babu komai a cikinta sai caja da goro, ya manna tabarau marar magani, ya sauka daga mota a matsayin Injiniya.

Dalilin wannan ƙarya kuwa Tahira ce, 'yar kawunsa Malam Mudassir, shugaban Islamiyyar garin. Tasi'u yana son ta kamar ya mutu. Da manya suka fara taɓa maganar, Malam Mudassir ya ce shi ba ya tambayar dukiya, sana'a yake tambaya, kuma a bari a gama saukar karatun ɗalibansa ranar Asabar sannan a zauna. Tasi'u kuwa tun Ƙaramar Sallah ya riga ya cika wa kawun nasa kunne cewa manyan ofisoshin Kano ba sa iya buɗewa da safe sai ya zo ya duba musu na'urori.

Ranar Alhamis da hantsi yana zaune a ƙarƙashin lemarsa, Bilki mai awara tana suya a damansa, Abdulrauf mai faci yana dukan taya a hagunsa, sai waya ta yi ƙara.

"Tasi'u, kana ina?"

"Allah ya gafarta Malam, ina ofis."

Bilki ta ɗago kai ta dubi lemar, ta dubi bencin, ta ci gaba da juya awararta.

"Na'urar nan da ɗan'uwanka Abdulkabir ya aiko min ce ta ƙi tashi," in ji Malam Mudassir. "Sunayen masu sauka arba'in da uku da takardun shaidarsu duk suna cikinta, ga sauka jibi. Tahira ta tafi kwaleji, Innarku ta tafi suna tun da sassafe. Ka hawo mota ka zo ka duba min."

Tasi'u ya sosa ƙeya. Tun da yake bai taɓa kwance ko da ƙusa ɗaya a jikin kwamfuta ba. In ya je, garin duka zai taru a kansa, asiri ya tonu a gaban surukin da yake nema. Amma nan take dabara ta faɗo masa: in daga nesa ne, gyara ya yi kyau sunansa ne, ya ɓaci kuwa hannun mutanen ƙauye ne.

"Kawu, ai zuwa gida aikin ƙananan masu gyara ne. Mu da muka yi nisa daga nesa muke yi. Ka samo min mutum mai hannu biyu da kunne, kafin azahar an gama."

Ya danna sifika ya ajiye wayar a kan tebur, don maƙwabtansa su shaida. A ransa har ya fara tunanin irin fentin da za a rubuta Injiniya da shi a jikin lemar.

Mai hannu biyu da kunnen da aka samo shi ne Sule, maƙwabcin Malam, wani ƙaton manomi wanda aka kira daga gona ko fartanya bai ajiye ba.

"Malam Sule, tsaya a gabanta. Me kake gani?"

"Ina ganin kaina."

"Kanka kuma?"

"E, a cikin talabijin ɗinta. Baƙi ƙirin. Ashe ma hulata a karkace take."

"Bar hula. Danna babban maɓallin da ke jikin akwatin."

"Na danna."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba."

"Madalla, alama ce mai kyau. Taɓa bayanta, da zafi?"

"Da ɗan ɗumi. Rana na dukanta ta taga."

Tasi'u ya daki tebur. "Na sani! Zafi ne ya hau mata kai. Ku zare wayoyin bayanta, ku kai ta gindin randa, ku jiƙa buhu ku lulluɓe ta, a yi mata fifita."

Abdulrauf ya ajiye gudumarsa ya matso. "Injiniya, ko a haɗa mata da zoɓo mai ƙanƙara?"

"Kai dai ka ji da tayarka."

Ba a jima ba sai ga sautin fat, fat, fat yana fitowa daga wayar. Matan maƙwabta ne suka shigo da faifai da mafici suka kewaye akwatin. Ana jin wata tsohuwa tana cewa sannu, sannu, wata kuma tana tambaya ko ta daɗe ba ta da lafiya. Tasi'u ya harɗe ƙafa ya ɓantari goro. Bayan rabin sa'a ya ce a mayar da ita ɗaki a jona.

"An jona," in ji Sule. "Shiru. Amma yanzu tana ɗiga."

"Tana me?"

"Ɗiga. Ruwa na fita ta ƙasanta. Buhun da muka jiƙa ne, mun ga kamar bai isa ba, muka ƙara masa buta biyu."

Goron ya sarƙe Tasi'u. Ya yi tari, ya share hawaye, ya gyara murya. "To ai haka nake so. Da ma so nake ciwon ya fito fili. Yanzu sai a tsotse ruwan." Ya tuna yadda ake yi wa wayar da ta faɗa ruwa. "Ku binne ta a cikin shinkafa."

Malam Mudassir ya karɓi wayar. "Shinkafa kwano biyu ce a gidan, ta walima ba a kawo ba tukuna. Kwano biyu ko ƙafarta ba zai rufe ba."

"Me kuke da shi mai yawa?"

"Gero. Rumbun laka yana cike da tsaba."

"Shi ke nan! Gero ai ƙanin shinkafa ne, ya ma fi ta ƙarfi. A Turai ma rashin gero ne ya sa suke amfani da shinkafa. Ku kwance murfin gefenta don maganin ya ratsa ciki, ku tura ta can ƙasa."

Bilki ta tsame awara ta ce a hankali, "Tasi'u, ka ji tsoron Allah."

Ya toshe bakin wayar da tafin hannu. "Ke, wake kika sani. Wannan ilimi ne."

"Waken ma ban taɓa binne tukunyata a cikinsa ba."

Ana haka wani ɗan acaɓa ya tsaya ya miƙo waya da ƙarfi. "Mai liƙe, yi min sauri, fasinja na jira!"

"Wane ne wannan yake cewa mai liƙe?" in ji Malam daga cikin wayar.

"Wani darakta ne, Kawu. Barkwanci gare shi. Ku bar ta sa'a guda a ciki, zan kira."

Sa'a ba ta cika ba wayar ta sake ƙara. Yana ɗagawa sai salati da ihu da kukan kaji suka cika wurin, har masu jiran mota suka juyo.

"Lafiya, Kawu?"

"Ina lafiya! Sule ne a cikin rumbu."

Abin da ya faru shi ne, Sule mutum ne mai cika umarni. An ce can ƙasa, sai ya hau tsani ya zura ƙafafu ta bakin rumbun, ya matsa ya matsa har ya shige, ya ɗora akwatin a kan gero ya hau tattaka shi don ya nutse. Akwatin ya nutse, Sule ma ya bi shi har ƙirji. Yanzu ga shi a ciki, ƙafa ba ta ciruwa, bakin rumbu kuma ya yi wa kafaɗunsa kaɗan.

"Injiniya!" Muryar Sule ta fito can ƙasa-ƙasa. "Ina tsaye a kanta. Ni ma in yi sa'a gudan?"

Abdulrauf ya faɗi a kan taya yana riƙe da ciki. Tasi'u ya harare shi ya ce a kawo igiyar guga. Daga nan sai aka dinga jin "Ku ja! Ku ja!" da "Wayyo haƙarƙarina!" da muryar wata mata tana cewa a shafa wa bakin rumbun man gyaɗa. Can sai aka ji tim, aka yi kabbara, sannan mata suka kwashe da ihu suna gudu.

"Ya fito?"

"Ya fito," in ji Malam Mudassir, muryarsa ta fara sanyi. "Wandonsa ne bai fito ba."

Sai da aka fasa gefen rumbun sannan aka ciro wando da kwamfuta. Gero ya malale tsakar gida, kajin unguwa duka suka hallara, har da agwagin mai unguwa. Aka karkaɗe akwatin, yana ƙara kamar caki, aka mayar masa da murfinsa, aka kai ɗaki aka jona. Shiru kake ji.

Mai hankali a nan zai ce a yi haƙuri a nemo masani. Tasi'u kuwa idonsa ya kai kan Abdulrauf, wanda ya koma yana marin janaretonsa don ya tashi, sai ya ji wani sabon ilimi ya sauko masa.

"Kawu, saura mataki na ƙarshe. Ta warke, barci ne kawai ya ɗauke ta. Malam Sule ya ɗan buge ta da tafin hannu, sau uku, a kafaɗar dama."

"Ina ne kafaɗarta?" in ji Sule.

"Inda taka take."

Duk wanda ya san tafin hannun Sule ya san ba abin wasa ba ne. Dum na farko har a Bacirawa an ji shi. A na biyu wani abu ya yi ƙara ƙwal, zakara ya yi wani irin kuka.

"Murfin gefen ne ya tashi ya fita ta ƙofa," in ji Sule. "Ya sami zakaran Malam. In yi na ukun?"

"Kada ka yi," in ji Malam Mudassir. Sannan ya ce, "Tasi'u, ofishin nan naka a ina yake a Bacirawa?"

"Bene ne, Kawu, kusa da tasha, hawa na uku. Ba a barin kowa ya shiga sai da kati."

"To."

Ya kashe wayar. Tasi'u ya sauke ajiyar zuciya ya ce wa Bilki, "Kin ji? Ya gamsu." Bilki ta ce ita dai irin wannan to ɗin ta taɓa jin sa a bakin babanta, kuma ba a kwashe da daɗi ba.

Bayan azahar Tasi'u ya dawo daga masallaci da sabuwar dabara: a shanya ta a kan rufin kwano. Ya buga waya. Aka ɗaga, yana jin ƙugin mota.

"Kawu, kamar kuna tafiya?"

"Ci gaba, ina jin ka. Kana ofis?"

"Ina ofis. Sanyin esi ma ya dame ni, yanzu na ce masinja ya rage. Daga nan inda nake ina hango rabin Ungogo ta taga."

"Allah Sarki. Hawa na uku ka ce?"

"Na uku. Ga Turawa biyu nan ma suna jira na gama da ku."

Wata tirela ta danna hon a kan titi. Tasi'u ya ji hon ɗin a kunnen hagu, ya kuma ji shi a cikin waya. Bai kawo komai a ransa ba. Sai Bilki ta ɗaga murya, "Awara da zafinta!" Sai ga muryar Bilki ta dawo masa ta cikin wayar, tar da ita. Ya juya a hankali.

Wata akori-kura mai ɗaukar tumatir ce tsaye a bakin titi. Malam Mudassir yana gaba, waya a kunne, yana kallonsa ta taga. A baya ga Sule rungume da akwatin kwamfuta, gero a gemu, gero a kunne. Ga wani dattijo riƙe da talabijin ɗin a cinya, ga wasu mutum shida da suka biyo don kawai kada a ba su labari.

Malam ya sauko bai cire wayar daga kunne ba. Ya tako har gaban lemar ya ce a cikin wayar, "Ka ce wa Turawan su yi haƙuri."

Tasi'u ya miƙe, ya durƙusa, ya sake miƙewa, ya rasa inda zai sa kansa. "Kawu... sannu da zuwa... saukowa na yi in sha iska."

"Mun tambayi Injiniya Tasi'u a tasha, babu wanda ya san shi. Mun nemi bene mai hawa uku, ba mu gani ba. Da Sule ya ce wani mai tabarau da cin goro, sai mutum goma suka ce a'a, Tasi'u mai liƙe! Har da mai rako mu."

Kafin ka ce wani abu mutane sun taru: 'yan adaidaita, masu jiran mota, mai rake da baronsa. Sule ya dire akwatin a kan teburin Tasi'u, gero ya zubo a kan gilasan waya.

"Ga ta, ga ka," in ji Malam. "Yanzu babu nesa."

Tasi'u ya gyara tabarau ya leƙa ciki. Wayoyi ja da baƙi da rawaya, duk gero ya cike tsakaninsu. Ya nuna wani abu da yatsa ya ce, "Wannan... wannan ita ce kafireto."

"Kafireto a kwamfuta?" in ji wani ɗan adaidaita. "To ina salansa?"

Aka fashe da dariya. Abdulrauf, wanda tausayi ya fara kama shi, ya janyo waya daga janaretonsa ya ce a jona a gani, in ma za ta kama da wuta a huta. Aka haɗa akwati da talabijin, aka jona. Sule ya miƙa yatsa ya danna babban maɓallin.

Fankar ciki ta yi wuuu, ta kwaso gero ta watsa wa Tasi'u a fuska. Talabijin ya kawo haske. Jim kaɗan sai ga sunayen masu sauka sun jeru reras, arba'in da uku, ko ɗaya bai ɓata ba. Jama'a suka yi kabbara.

Wani zai yi shiru ya gode wa Allah. Tasi'u kuwa ya tofar da gero, ya buɗe hannuwa ya juya ga taro. "Kun gani? Geron ya yi aiki! Da ma sai ya ɗauki sa'a uku yake ratsawa!"

Har wasu sun fara gyaɗa kai, sai wayar Malam ta yi ƙara. Ya duba, ya danna sifika ya ɗaga ta sama. Tahira ce.

"Baba, na dawo na tarar da rumbu a fashe, zakara na ɗingishi. Me ya faru? Sannan Inna ta dawo daga suna, ta ce a gaya maka jiya da hadari ya taso ana tsawa ta zare babban filogin da ke bayan kabad, ta manta ba ta mayar ba. Tun jiya babu wuta a soket ɗin kwamfutar."

Kowa ya juyo ya dubi Tasi'u.

"Baba, kana ji? Wai wa ya ce a saka ta a rumbu?"

"Injiniya," in ji Bilki da ƙarfi.

Dariya ta ƙwace wa Tahira. "Yaya Tasi'u? Ko tambaya bai yi ba ko akwai wuta?"

Dariyar da aka yi a wurin har direban tirela ya leƙo. Mai rake ya zauna a ƙasa. Tasi'u ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Duk dariyar bai ji zafinta ba kamar ta Tahira. Ya cire tabarau ya sunkuyar da kai, ya tabbata ya rasa ta.

Malam Mudassir bai yi dariya ba. Ya kashe wayar ya juya ta a hannu. Gilashinta ya daɗe da tsagewa gida huɗu. Ya miƙa wa Tasi'u. "Wannan fa, za ka iya?"

Tasi'u ya karɓi wayar. Hannunsa ne ya yi aikin da kansa: ya ɓare tsohon, ya goge, ya hura sau biyu, ya ɗora sabo ya danna. Malam ya karɓa ya ɗaga wa rana, ya juya ta nan, ya juya ta can, bai ga ko tabo ba.

"Ashe kana da sana'a," ya ce. "Da wannan ka faɗa min tun Sallah, da yanzu an sa rana."

Idon Tasi'u ya ciko da ƙwalla. "Kawu, na tuba. Maganar... maganar tamu fa?"

"Tana nan. Geron da ka sa aka zuba a cikinta, kai za ka fitar da shi da hannunka, a gabana, ba ta waya ba. Ranar da na kunna ta ban ji ƙwaya ɗaya ta motsa ba, ka turo manya."

An yi sauka ranar Asabar lafiya, kowane ɗalibi ya karɓi takardarsa. Tun daga nan duk Juma'a bayan masallaci za ka ga Tasi'u a zauren Malam Mudassir, akwati a gabansa, tsinke a hannu, yana tsintar gero ɗaya bayan ɗaya, kaji sun kewaye shi. In ya gama ya hure ya goge ya rantse babu saura, sai a aike shi ya wanke hannu. In ya dawo Malam ya yi bismilla ya danna maɓalli, kowa ya riƙe numfashi.

Wannan Juma'ar ita ce ta bakwai. Fanka ta tashi a hankali, lafiya lau, babu ko ƙwas. Tasi'u ya fara murmushi, har ya ɗaga hannu zai shafa fatiha. Sai tas, ƙwaya ɗaya ta yi tsalle ta faɗo a kan tabarma.

"Da saura," in ji Malam Mudassir, yana karkaɗe 'yan yatsunsa a bakin aljihun da yake ajiye ɗan geronsa.